Shukokin da Edna Ta Bar Mini

Litinin, 3 ga Oktoba, 1966

Edna ta tafi yau da safe. Shekara biyar ɗakinta na jikin namu, da ƙarar kekenta na ɗinki nake sanin gari ya waye. Mutanen Gabas duk suna barin Jimeta saboda abin da ake yi musu. Maigidanta ya samo musu wuri a wata babbar mota mai bin hanyar Kamaru. Babu wurin keken ɗinki, sai ta bar shi a ɗaki. Ta goya 'yarta Edith duk da yarinyar ta kai shekara huɗu.

Kafin ta fita ta jawo shukokinta na baranda zuwa ƙofata. Ɗaya mai faɗin ganye kamar gwaza, da ɗigo-ɗigon ja, a garwar kananzir. Ɗaya mai ganye ja da rawaya a tsohuwar tukunya. Sai mai tsaye kamar takobi a gwangwanin madara. Ta ce, "Malama Fibi, riƙe mini. Kafin Kirsimeti zan dawo." Ta nuna mini wanda ba ya son rana da wanda ba ya son ruwa da yawa. Ina kuka, ban riƙe ko ɗaya a kaina ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Gogo Yelwa, mai gidan da muke haya, ta sa wa ɗakin kwaɗo. Ta ce ba mai taɓa ko allura a ciki.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Takobin ya yi rawaya daga gindi. Na taɓa shi, na ji laushi, har da wani wari. Safe da yamma nake ba shi ruwa, wani lokaci da na dawo daga makaranta in ƙara. Gogo ta zo wucewa, ta cusa yatsa a ƙasar, ta fito da shi da taɓo. Ta ce, "Ɓingel am, 'yata, shuka kike yi ko kiwon kifi?" Muka juye gwangwanin. Ramukan ƙasansa sun toshe, saiwar ta yi baƙi, ta narke a hannuna.

Ashe shi ne wanda ba ya son ruwa. Me zan ce mata?

Litinin, 26 ga Disamba

Kirsimeti ta wuce.

Asabar, 11 ga Fabrairu, 1967

Gwazar ma ta tafi. Ganyen suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe jiya. Wannan karon ban cika ruwa ba, na rantse. Na duba bayan ganye, babu ƙwaro. Maigidana Eli ya ce in ba shi garwar ya riƙa zuba gawayi. Na ce a'a. Na tura ta bayan randa da ƙasarta, ban san dalili ba.

Talata, 14 ga Maris

Zafi. Ko yaran aji ba su da ƙarfin surutu. Mai ja ta fara ƙonewa a gefen ganye, kamar takardar da ta kusanci fitila. Na fara gane bambanci yanzu: in ruwa ne ya yi yawa, ganye rawaya yake yi ya yi laushi, daga ƙasa yake farawa. In rana ce, ƙasa-ƙasa yake yi ya bushe ƙamas, ta ɓangaren da ke kallon waje. Na mayar da tukunyar ƙarƙashin tagar gabas, ta samu hasken safe kawai. Ba na ba ta ruwa sai na sa yatsa na ji saman ƙasar ya bushe.

Lahadi, 28 ga Mayu

Gwazar ba ta mutu ba! Na je ɗibar ruwa na ga wani tsiro a naɗe ya fito daga garwar bayan randa. Barci kawai take yi da rani. Na tsuguna a wurin ina dariya ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

A rediyo an ce an raba ƙasa jiha-jiha. Mu yanzu Arewa maso Gabas ne, hedkwata Maiduguri. Eli yana ganin za a kwashi akawuna irinsa zuwa can. Ni dai tsiron nake ta leƙawa. In wannan ta dawo bayan wata uku ba ganye...

Asabar, 8 ga Yuli

An fara yaƙi. Garin su Edna ban ma san ko yana kusa da inda ake yi ba. Sunan garin kawai na sani.

Asabar, 6 ga Afrilu, 1968

Eli ya tafi Maiduguri. Mun yi faɗa. Ya ce akwai makarantu a can, za su ɗauke ni. Na ce in Edna ta dawo ta tarar ba na nan fa? Ya ce, "Fibi, ganye kika aura ko ni?" Na raka shi tasha, na sa masa soyayyen kifi a jaka, bai kalle ni sosai ba har mota ta tashi.

Kuma Gogo ta cire kwaɗon. Ta mayar da keken ɗinki ɗakinta, ta lulluɓe da zane, ta ba wata Aishatu ɗakin, matar wani direba daga Girei. Ta ce mini, "Ɗaki in ba mutum, gara ce ke shiga." Na sani. Duk da haka da matar ta gaishe ni, da kai na amsa.

Lahadi, 18 ga Agusta

Mai ja tana zubar da ganye, sauran suna danƙo a hannu. Na juya ɗaya, sai ga wasu fararen abubuwa kamar auduga a maƙale a jikin jijiya. Na matsa ɗaya, ashe ƙwaro ne. Na raba ta da gwazar tukuna don kada ya haura. Na kaɗa sabulu a ruwa, na bi ganye ɗaya-ɗaya da tsumma, ciki da baya. Aishatu ta fito ta tsaya, can ta ce, "Malama, kawo in riƙe miki kwanon." Na ce na gode, na iya. Ta koma ciki.

Ba ta yi mini komai ba. Tana daka a daidai inda Edna take shanya.

Lahadi, 7 ga Satumba, 1969

Eli ya zo hutu, ya rame. Abincin kasuwa yake ci. Ya same ni ina yanke ganyen gwaza masu baƙin tabo. Feshin ruwan sama ne ke kwana a kansu, ga su a cunkushe ba iska. Na ja garwar ciki, na daina jiƙa ganyen, a gindi kawai nake zubawa. Ya zauna yana kallona. Ya ce, "Kin zama likita." Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya fi yi mini ciwo. Bai sake tayar da maganar Maiduguri ba har ya koma.

Talata, 13 ga Janairu, 1970

An ce yaƙi ya ƙare. Na wanke tukunya da garwa, na goge kowane ganye.

Asabar, 21 ga Maris

Wasu sun fara dawowa. Duk Asabar ina tasha, ina tambayar masu saukowa. Ba wanda ya san su. Mutanen sun zama kamar inuwa, ba sa son dogon zance.

Asabar, 9 ga Mayu

Baban Edith ya zo.

Ina shara na ji sallama. Ban gane shi ba sai da ya ce "Malama". Kansa ya yi fari. Yarinya na bayansa, siririya, gashinta ja-ja. Na leƙa bayansu ina neman ta uku. Ya ga ina leƙawa, ya girgiza kai.

A shekara ta biyu ta yaƙin ne Edna ta rasu. Ya ce suna daji, ba abinci, ba magani, abin da aka samu sai ta tura wa Edith. Ƙafafun Edna suka kumbura. Ya ce bai san ranar ba, ya dai san ana ruwa. Wato lokacin da nake nan ina wanke ganye da sabulu.

Gogo ta fito, ta ji, ta zauna a ƙasa tana salati. Ta sa aka fito da keken ɗinkin, ko tsatsa babu, tana sa masa mai ashe. Ya dafa shi.

Na ja hannun Edith zuwa wurin shukokin. Hausarta ta tafi gaba ɗaya, ni ma ba ta san ni ba, ni da na yaye ta da kunun gyaɗa. Na ce wa uban ya gaya mata na mamarta ne. Ta shafa ganyen gwazar, ta yi masa wata magana da yarensu. Na ce me ta ce? Ya ce, "Tana tambaya ko ana ci."

Na ce ba a ci, yana ƙaiƙayi a maƙogwaro. Na shiga na zubo mata shinkafa. Ta ci rabi, ta ƙulle sauran a gefen rigarta.

Na ce ya tafi da shukokin. Ya ce a shagon wani suke kwana, kuma Kano za su wuce wurin ƙaninsa. "Ki riƙe, Malama. Ke kika san su yanzu."

Lahadi, 10 ga Mayu

Ban je coci ba. Ban ba su ruwa ba.

Alhamis, 21 ga Mayu

Na tashi na tarar da ƙasar tukunya a jiƙe, daidai misali, kuma an juya ta ta kalli haske. Ba Gogo ba ce, gwiwarta ta hana ta sunkuyo. Ban tambaya ba.

Lahadi, 14 ga Yuni

Gwazar ta cika garwa, ganye na fitowa ƙanana, alamar wuri ya yi mata kaɗan. Dole a raba. Na juye ta, na samu ƙwaya biyu masu kyau. Ba ni da wata garwa, Aishatu kuma tana da wani bokiti da ya huje, shi ke nan dalilin. Na nuna mata yadda ake sa tsakuwa a ƙasa, da gwajin yatsa, na ce in ganye ya zube da rani kada ta zubar. Ta ce, "To, Adda," wato yaya da Fillanci. Ban hana ta kira na haka ba.

Eli yana gida tun jiya. Da muke cin abinci na tambaye shi ko gidan da aka ba shi a Maiduguri yana da baranda mai inuwa. Ya ajiye cokali yana kallona.

Tambaya kawai na yi.