Yaya da Kwamfutar Ɗakin Jinya

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Ni dai raina a jagule yake. An kawo mana kwamfuta ɗakin jinyar mata, wai zafin jiki, hawan jini, magani, duk a ciki za mu riƙa rubutawa. Ƙarshen wata za a gwada mu, wadda ta faɗi a ɗauke ta daga kan marasa lafiya. Ni da na yi furfura a aikin nan. Sababbin ma'aikata sai ƙwas-ƙwas suke yi, ni kuwa da na zauna sai haruffan su cakuɗe. Na gaya wa shugabarmu injin ne ba shi da kyau.

Ki sa ni a addu'a.
Yayarki

Yaya,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwa mai yawa.

Ke da kika koya mini karatu da ranƙwashi, wane inji zai gagare ki? Wasiƙarki ce ta tsorata ni. Rubutunki da na sani ƙanana, yanzu layi biyu yake ci yana gangarawa. Kwamfutar ce kaɗai ke cakuɗewa, Yaya? Rubutun jikin kwalbar allura fa?

Ki yi haƙuri in na yi rashin kunya.
Ƙanwarki

Auta,

Gaisuwa. Rashin kunya kam kin yi, har na yi niyyar ƙin amsa miki.

Kwalaben nan na daɗe ina gane su da girmansu da launin murfi. To jiya aka kawo sababbi, magani biyu murfi iri ɗaya. Na tsaya da sirinji, wata tsohuwa ta miƙo mini dantse tana cewa, "Ke nake jira, hannunki ba zafi." Na ce mata ina zuwa. Na sa abokiyar aikina ta karanta mini, wai na manta tabarau.

In na faɗa musu idona ne, aikin ya tafi, kuma ban iya komai ba sai shi. Tsoro nake ji, Auta. Kada ki gaya wa kowa.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Auta,

Salam. Ban jira amsarki ba, ban jira gwajin ba. Na miƙa wa shugaba makullin kabad ɗin magani, na gaya mata dalili. Ta daɗe riƙe da hannuna, ba ta ce zan dawo ba.

Ki zo ki raka ni wurin likitan ido. Kada ki rubuto, ki zo da kanki. Ba na so wani ya karanta mini.

Sai na ji muryarki.
Yayarki