Mun ƙidaya yaran garinmu, mun tsallake ƴaƴan fari

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, abokan aikina da yawa suna nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, ku faɗa mini gaskiya ko ba daɗi, domin ni kaina ƙyamar kaina nake ji.

Ni ɗiyar wani ƙauye ce a Kurfai, aure ya kawo ni Filinge. Bayan girbin bara na samu aikin anket, wato ƙidaya, da wani furoje na raya karkara, muna bi gida gida a ƙauyukan Kurfai da tabulet muna tambaya, mutum nawa ne a gidan, ina ake ɗebo ruwa, gero yana kai su wata nawa, yara nawa. Aka ce da wannan ƙidaya ake sanin inda aka ci gaba da inda aka bari a baya, inda za a gina aji da inda za a ƙaro malami. Sauran ma'aikatan duk daga Yamai suka zo, ni aka ɗauka don na san mutanen wurin. Tun ranar horo shef ɗinmu, wato shugaban aikin, ya ja mana kunne, abin da mutum ya faɗa shi za ka danna, ban da "ai na sani", kuma kowa ya cika gidajen da aka yanka masa kafin mota ta juya.

Tambayar yara matar gida ake yi wa, ta faɗi waɗanda ta haifa da ke tare da ita. To duk wanda ya tashi a wajenmu ya san mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, a gaban baƙo ma ba ta nuna nata ne, kunya ce. Da an yaye shi kuwa kaka ke ɗauka. In ka shiga wajen kakar, tambaya ta ce waɗanda kika haifa, ita kuma ba ita ta haife shi ba. Uwa ta tsallake shi, kaka ta tsallake shi, yaro yana tsaye yana kallonka amma babu shi a tabulet. Na lura tun kwana na biyu, na yi shiru, don gidajena ba su cika ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ni na yi gidan yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Ƴaƴanta huɗu, ta farin sunanta Baraka, tana hannun innarmu, tana aji huɗu a lakkwal, kai gare ta sosai. Na tambayi Yaya, shef yana tsaye a kaina, ta sunkuyar da kai ta ce uku. Ni da na yi wa Baraka wankan jarirai da hannuna, na danna uku.

Watan jiya rahoto ya fito, aka tara mu a wani otal, aka haska taswira a bango. Wani mai babbar riga ya tashi ya ce abin farin ciki ne, matan Kurfai sun waye sun rage haihuwa, aka yi ta tafi, aka raba kaji da lemo. Wallahi ni ture nawa na yi gefe. Daga baya na ji cewa tunda takarda ta nuna yaran garinmu kaɗan ne, ba za a gina ajin da suke jira ba, kuma cikin mushe biyu, malaman da ke koyarwa a rumfar zana za a ɗauke ɗaya, manyan azuzuwa su koma wani gari mai nisa. Kowa ya san ba uban da zai bar ɗiyarsa mace ta riƙa wannan tafiya a ƙasa kullum. Karatun Baraka ya ƙare ke nan, da na sa'o'inta.

Na samu shef a ofis na zayyana masa komai. Ko mamaki bai yi ba, dariya ma ya yi, ya ce an rufe aiki, manya sun karɓa sun yaba, a gyara a zagaye na gaba, wanda shi kansa bai san shekararsa ba. Da na matsa sai ya ce in aka buɗe maganar, tambayar farko ita ce wa ya danna, kuma sunana ne a kan gidajen. Daga nan ya sassauta murya ya ce akwai sabon aiki a yankin Imanan, ya riga ya sa ni ciki. Na tashi na fito.

Haushi ya kai ni garinmu, na hau Yaya da faɗa, na ce kunyarsu ta banza ta jawo wa gari asara. Ta bar ni na gama, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, sannan ta ce, "Ni ba ni iya hwaɗi nai, haka na iske. Ke da kinka san ta, kuma abin na hannunki, mi ya hana ki rubuta?"

Yanzu ranar Alhamis mai zuwa za a tara masu gari a nan Filinge a karanta musu sakamako, kuma ni aka zaɓa in fassara da Hausa, wai bakin ɗiyar gida ya fi shiga. Mai garinmu zai zo, mutumin da ya raɗa mini suna. Maigidana ya ce in karanta abin da aka ba ni in sauko, aikin nan ne ke riƙe da mu tunda nasa ya tsaya, kuma ba ni na tsara tambayar ba. Gaskiyarsa ne, ba ni na tsara ba. Amma duk cikin waɗanda motar aikin ta kwasa ni kaɗai na san ƙarya muke kwasa.

In na yi magana a gaban taro aiki ya tafi, wataƙila ma a ɗora mini laifin duka, kuma ba ni da tabbacin za a sake ƙidayar. In na yi shiru, da bakina zan gaya wa mai gari cewa yaran da yake gani kullum babu su. Ƴan uwa, ranar Alhamis in an miƙo mini makirfo, me zan ce?