Rigarka Saura Hannu Ɗaya

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sama na farko a kan busasshiyar ƙasa, mijina abin alfaharina,

Sati shida ke nan ban ji muryarka ba. Shida! Na zauna, zama ya gagara. Na tashi, ban san abin da na tashi yi ba. Na share ɗakin nan har tsintsiya ta gaji da ni, sai in koma in ɗauki tsinken saƙa.

Rigarka ce nake saƙawa, marar nauyi, mai maɓallai a gaba, wadda za ka ɗora kan rigar aiki saboda sanyin ofis ɗin nan da ke sa ka tari. Ka tuna ranar da na sayo ulun, ruwan toka mai laushi kamar gashin 'yar kyanwa? Ka miƙa hannaye biyu na rataya maka shi ina naɗewa, kai kuma kana janyewa da gangan, har ƙwallon ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Wai kai mai taimako! Wayyo, wa zai mayar mini da wannan yammacin?

Bayan rigar na saƙa shi kana gida, ya fito lallausa, iska na ratsa shi. Gaban kuwa bayan tafiyarka ne. Jiya Yaya ta ɗaga shi ta duba, ta ce, "Ke, saƙa kike yi ko faɗa da zare? Wannan ai ko allura ba za ta shige ba. Sassauta hannu mana!" Sau uku ina warwarewa, sau uku yana fitowa a ɗaure. Ta yaya hannu zai sassauta alhali zuciya a ƙulle take?

Na san laifina. Da aka mayar da kai reshen ofishinku na nesa, a tasha, gaban mutane, na ce in ka hau motar nan kada ka dawo. Tsoro ne ya yi magana da bakina, hasken raina, tsoron ɗakin da babu takalminka a ƙofa. Ka dube ni kawai, ka hau, mota ta tashi. Da ma zagina ka yi!

Yanzu saura hannun hagu, kuma na tsaya cak a gwiwar hannu. Zan iya gwadawa da tsohuwar rigarka, tana nan rataye, amma na ƙi. Hannunka nake so, da ɗuminsa, ka miƙo shi in auna da taƙina. In fushin bai huce ba, zo da shi, ka zauna ka ɗaure fuska, ni dai in auna.

Na janye maganata, na janye ta duka. Ka dawo.

Taka, yau da gobe, har numfashina na ƙarshe,
Matarka mai kaifin baki, wadda ba ta da kowa sai kai