Zanen da Ya Gaza Santimita Ɗaya

Mareeba, 9 ga Disamba

Yaya Mereoni,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ina yara? Ni lafiyata lau, kada Mama ta damu, raina ne kawai a ɓace.

Kin san aikina gwada na'urar tsinkar mangwaro ne. Kyamara ɗaya ce idonta. Mukan manna zanen baƙi da fari mai faɗin santimita goma a jikin akwati, da girmansa a hoto take gane nisan akwatin da inda ya fuskanta.

Ranar Talata hannun na'urar ya zarce, ya karya wa abokin aikina Sione yatsu biyu. Shugabanmu Dermot ya daka min tsawa gaban kowa: "Venina, ana koyar da awo a Fiji kuwa?"

Na ɗauko rula na auna zanen. Santimita tara ne! Shi ya sa na'urar ta ɗauka akwatin na can nesa. Kuma Dermot ne ya buga takardar zanen da kansa. Da na nuna masa, sai ya ce, "Haba ƙawata, bar maganar. Ni fa zan sa hannu a sabunta bizarki."

Yaya, bai tsaya nan ba. Ya rubuta a rahoto wai sakacina ne.

Takardar zanen tana hannuna, gobe zan kai wa masu binciken haɗari. Mama ta yi min addu'a. In kun gan ni a gida kafin Kirsimeti, ki dafa rogo da kifi, kuma kada kowa ya ce da na yi haƙuri.

Ƙanwarki,
Venina