Na buɗe kwamfutar Baba kafin a raba gado

Assalamu alaikum Malama Safiyatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na yi wani abu da ya sanyaya mini rai, kuma shi ne ya hana ni sakat.

Ni malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata a nan Daura. Mahaifinmu ya rasu wata biyar da suka wuce. Sana'arsa buga wa mutane takardu, kuma yana da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya wadda ta girmi autarmu. A cikinta yake naɗar karatunsa na Alƙur'ani kullum da safe. Bayan addu'ar bakwai, yayanmu Badaru ya kulle ɗakin da kwamfutar take, ya ba Inna makulli, ya ce ko allura kada a taɓa sai an raba gado, tunda Auta ƙarama ce kuma akwai haƙƙinta. Daga nan ya koma wurin aikinsa a Katsina.

Ni kuwa na san halin kwamfutar nan, tun Baba yana raye take ƙara kamar injin markaɗe. Da damina ta kama, ɗakin ya fara yoyo, sai na roƙi Inna makulli. Ta miƙo mini.

Kwamfutar ba ta karɓar filashi, tana karanta faifai amma ba ta naɗa a kansa. Dabara ɗaya ta rage: in sa mata katin sadarwa, in haɗa ta da tawa da waya. Malam Mati, abokin aikina, ya tono mini wani tsohon kati a kwalin tarkacensa. Na kwance murfi na sa, shiru. Kwana uku ina neman manhajar da za ta gane shi, na samu na ɗora, har yanzu shiru. Har na fara hawaye, ina cewa alhakin Yaya ne ya kama ni. Ashe haƙoran katin ne suka yi dauɗa. Na goge su da kilinar fensir, na mayar, sai ga ɗan koren haske yana ƙiftawa. Malama, ban san lokacin da na faɗi na yi sujada ba.

Na kwashe karatun kaf. A cikin wani, yana tsaka da karatu ya tsaya ya ƙwala wa Badaru kira, yana tambaya ko ya ba rago ruwa, har da 'yar dariyarsa. Sau huɗu Inna ta sa na maimaita mata wurin.

Bayan mako guda kwamfutar ta mutu murus. Na gode Allah da na riga na kwashe, amma ina tsoron Yaya ya ce ni na lalata ta, ko ya zaci takardun gona na shiga lalube. Ranar Juma'a zai zo. In cire katin in ja bakina in yi shiru?

Taki, Mai Zullumi, Daura.

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa karatunsa ya cece shi.

Yayanki bai yi laifi ba. Wanda ya tsare kayan marainiya ya cancanci yabo, kuma da kin ɗaga waya kin tambaye shi, da ba ki rubuto mini ba. Ke ma ba ɓarna ta kai ki ba: ba ki fitar da komai daga ɗakin ba, da sanin Inna kika shiga, kuma da kin jira rabon gado, da muryar nan ta tafi har abada.

Kada ki cire katin. Ɓoyewa ce za ta mai da gyara ya zama abin zargi. Yau ɗin nan ki kwafi karatun a wuri uku, ki ware ɗaya da sunan Auta. Idan magada sun ga kwamfutar a hannunki ta lalace, ki amince a sa ta a cikin kasonki, ba tare da musu ba.

Ranar Juma'a, bayan ya ci abinci, ki gaya masa komai a gaban Inna, ki fara da ba shi haƙuri. Idan ya yi faɗa ki bar shi ya gama. Sannan ki kunna masa wurin ragon nan, ki fita ki ba shi wuri. Wata biyar ke nan bai ji mahaifinsa ya kira sunansa ba.

Allah ya haɗa kanku, ya raya Auta.