Tseren Keke a Ankara

Ankara, 9 ga Nuwamba, 1955

Yaya Kabo,

Ina gaishe ka ƙwarai. Yaya Inna da ciwon idonta? Mutanen Rimaye sun cire gyaɗa lafiya?

Ni lafiya lau nake. Mai shagon kekunan da nake wa aiki ya sa ni cikin 'yan tsere. Gwanayenmu biyu ne. Kwabena ɗan ƙwallo ne a da, yakan tashi kamar an harba shi, amma hawan tudu na karya shi. Saidu Bazabarme daga kokawa ya fito, ba shi da sauri, sai dai bai san gajiya ba. Ni kuwa dambe ya koya mini in sha bugu in miƙe. Ran Asabar ana cikin tsere na faɗi da keke, gwiwata ta ɗan kumbura. Kada ka gaya wa Inna.

Duk da haka na zo na biyu. Jama'a suka yi ta ihu, "Hausa! Hausa!" Ba ko mutum ɗaya da ya san sunana. Na tura kekena na koma ɗaki.

Don Allah ka sa Malam Uthman, mai rubuta muku wasiƙa, ya rubuto mini amsarka, ko layi biyu ne.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka,
Sabi'u