Mun Sallaci Iliasu da Ransa

Nima, Akra
Sha'aban, 1987

Yaya Jibirilu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Inna? Ka gaishe mini da Lailatu da yara, Allah ya raya su. Ni lafiya lau, sai dai barci da ya yi mini wuya.

Fim ɗin nan da na daɗe ina haɗawa, na aminai biyu masu haƙa kabari, an nuna shi a wata silima a unguwar Mamobi. Babu kiɗa, babu rawa, babu dambe. Wani ɗan jarida ya rubuta wai shirun cikinsa ya fi wa'azi ratsa jiki. Samari kuwa ɓawon lemo suka yi ta jifa. Wannan bai dame ni ba.

Damuwata ita ce, a ƙarshen fim abokina Iliasu tela ne ya fito a gawa. Muka sa masa likkafani na gaske, muka yi sahu, muka yi kabbara huɗu. Dattawan unguwarmu ta Zongo suka ce mun sallaci mai rai. A lokacin Iliasu dariya ya yi. Yanzu tari ya kwantar da shi, mahaifiyarsa ta ce kada in ƙara taka ƙofarsu. Ko koko na aika, dawo da shi ake yi.

Kada ka gaya wa Inna. Don Allah ka je wurin Malam Sanusi ka tambayar mini: wanda aka riga aka sallata, in ta Allah ta kasance, ana sake masa? Limaminmu ya ƙi amsa mini.

Allah ya sa kada a buƙaci amsar.

Ƙaninka,
Mas'udu